Yadda Ake Raba Wuta Tsakanin Kishiyoyi a Motar Gida

A Amurka akwai motocin da ke ɗauke da gida sukutum: gado, kicin, banɗaki, har da esi a kan rufi. Mafi yawansu a yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙera su. Idan Allah ya hore maka irin wannan mota, amma duk lokacin da aka kunna na'urar ɗuma abinci sai wuta ta ɗauke ana tsakiyar zafin Arizona, to malam, gyara zama, lokacin buɗe akwatin makatsan wuta ya yi.

Da farko duba filogin da kake jonawa a sandar wutar sansanin da ake ajiye irin waɗannan motoci. Idan mai ƙafa uku ne, layi ɗaya kake da shi, na amfiya 30 a kan bolt 120, wato wat 3,600. Esi yana cin kusan amfiya 13, hitar ruwa kusan 12, na'urar ɗuma abinci ita ma kusan haka. Ko ka jera makatsan daga sama zuwa ƙasa, ko ka jera su daga ƙasa zuwa sama, 37 ba za ta shiga cikin 30 ba. Kashe hita, ɗuma abincinka, sannan ka maida ita.

Mai filogi mai ƙafa huɗu shi ne maigida mai mata biyu. Layuka biyu ne, kowanne amfiya 50, jimilla wat 12,000. Rigimar gidan kuwa daga rashin adalci take tashi: esi biyu, hita da kicin duk an jibga wa uwargida, amarya tana zaune da fitilu da talabijin. Dole uwargida ta yi yaji. Aikinka shi ne ka ɗauke esi ɗaya ko hitar ka maida ɗakin amarya. Sai dai ka tabbatar da mita wane gurbi ne na wane layi, domin kamfanoni ba tsari ɗaya suke bi ba. Kuma ranar da ka sa adafta ka jona a sandar amfiya 30, su biyun daga tukunya ɗaya za su ci, komai kyan rabonka.

Kafin sukudireba ta taɓa murfi, zare filogi daga sandar wutar sansani, ka kashe janareto, ka kashe inbata. Inbatan nan shi ne mai kwanton ɓauna: yana juya bolt 12 na batir zuwa 120 ba tare da ƙara ba, alhali kai kana ganin ka katse komai. Gwada kowace waya da mita. Sannan ka ɗauki hoton akwatin da wayar salularka, domin bayan rabin awa duk wayoyin 'yan gida ɗaya za su zamar maka.

Baƙar waya ce ke tafiya tare da makatsinta. Farar waya da koriya kowacce tana da sandarta, kuma a motar gida ba a haɗa su, a babban akwatin wutar sansani ake haɗawa. Wanda ya haɗa su yana iya sa jikin motar ya riƙa jan mutum. Ɓangaren ƙananan fyus na bolt 12 kuwa, gaishe shi ka wuce.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cire makatsin amfiya 15 su sa na 20 don ya daina faɗuwa. Mun san irinsu a nan gida, masu ɗaure fyus da waya mai kauri. Makatsi waya yake karewa: na 15 da waya lamba 14 yake tafiya, na 20 da lamba 12, wadda ta fi kauri. In ka ƙara girman makatsi a kan siririyar waya, za ta yi zafi a cikin bangon falanki da soso, kusa da inda yaranka ke barci.

Ka ɗaure kowane noti tamau, don jijjigar hanya tana kwance su. Ka rubuta sunan kowane makatsi a jikin murfi da rubutun da uwargida ta gaskiya za ta iya karantawa cikin dare. In kuwa ka buɗe akwatin ka kasa bambance layukan biyu, don Allah maida murfin ka kira ƙwararren mai gyaran wuta.