Ranar da na yi wa filashi wankan gishiri

Dogon hutun 2014 ya zarce ƙa'ida. Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, gwamnatin tarayya ta ɗage ranar komawa makaranta, mu malamai muka zauna a gida har hirar majalisa ta gundure mu. Ana cikin haka shugaban makarantarmu ya aiko da saƙo: daga zango mai zuwa ba zai ƙara karɓar tambayoyin jarrabawa da rubutun hannu ba, kowa ya kawo nasa a filashi. Hujjarsa ba ta jayuwa. Hukumar JAMB ta soma jarrabawa a kan kwamfuta tun 2013, ana kuma ta shelar cewa daga 2015 fensir da takarda sun yi ritaya.

Shekara 23 ina koyar da Hausa, ban taɓa riƙe abin da ya wuce alli da jan biro ba. Na sayi filashi mai gigabayit 4, na nufi wani shagon koyon kwamfuta a unguwarmu. Wa zan tarar a kujerar malami? Wani tsohon ɗalibina da na sha sa shi durƙuso a rana saboda ya ƙi sa wa ɗ ƙugiyarta. Ya miƙe ya gaishe ni da ladabi, amma na hango murmushin mai jiran ranar biyan bashi.

"Allah gafarta Malam, ɗora hannunka a kan mawus."

"Mene ne mawus da Hausa?"

"Ɓera."

Na janye hannuna. Da ya lallashe ni na kama, sai na ɗaga abin sama na saita shi da fuskar kwamfutar ina dannawa kamar rimot ɗin talabijin. 'Yan matan da ke layin baya suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Ashe sunan ma wasa ne ya zama gaske. Wani injiniya Ba'amurke, Douglas Engelbart, shi da abokan aikinsa ne suka ƙirƙiro abin a Kaliforniya cikin shekarun 1960. Ɗan akwatin katako ne mai maɓalli ɗaya, waya ta fito masa ta baya kamar wutsiya, sai suka laƙaba masa ɓera, ya kuma nuna wa duniya shi a 1968. Ni dai wanda ya fara ce masa linzamin kwamfuta ya fi Turawan basira, domin su kama suka duba, shi kuwa aiki ya duba. Da tun farko an ce min linzami ne, da ban kunyata gaban sa'o'in jikokina ba.

Sauran darasin ya tafi sumul, don yaron ya iya misali. Ya ce kwamfuta injin niƙa ce: ka zuba, ta sarrafa, ta fitar. Abin da hannu ke taɓawa shi ne ƙarfen injin, manhaja kuwa ita ce dabarar da ke juya shi. In ka zuba dawa ka kwashi gari, in ka zuba tsakuwa kar ka zagi mai inji.

Rigima ta dawo a kan madannai. Jerin haruffan nan gado ne daga tafireta ta shekarun 1870, an tsara shi don Turanci. Ga p, ga q, ga v, ga x, kowanne da ɗakinsa, alhali abacadar Hausa ba ta san su ba. Amma ɓ da ɗ da ƙ ko rumfa ba a yi musu ba. Jimlar gwajin da na fara bugawa ita ce ta maraba da manyan baƙi, na ɗaga kai na ga ina yi wa manyan baki maraba.

"Ina ƙugiyar?" na tambaya.

"Babu, Malam. Haka muke rubutawa."

"Haka kuke rubutawa!"

"To ai ni ma abin da na yi ta faɗa maka ke nan tun ina aji biyu."

Daga baya ya nuna min wani lungu da ake tono su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai haƙar gwaza. Ya ƙara min da wani abu da ya sanyaya min rai: a ma'aunin kwamfuta, bit 8 ke yin bayit 1, harafin k kuma bayit 1 yake ci, amma a tsarin da aka fi amfani da shi a intanet ƙ bayit 2 take ci. Wato ko na'ura ta san ƙugiya na da nauyi.

Ranar Laraba na zauna aikin gaske. Tambaya 40, da yatsa ɗaya, ina farautar kowane harafi kamar kaza na tsintar tsaba. Awa uku. Ina kan ta 39, wadda ke neman ɗalibi ya kawo karin magana biyar a kan haƙuri, aka ɗauke wuta. Ban damu ba. Na miƙe ƙafa ina jiran a tada janareta, don a sanina rubutu ba ya gudu saboda duhu. Wuta ta dawo, kwamfuta ta farka, fari fat.

"Malam, ka yi sebin?"

"Wane ne shi?"

A ranar na san cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta biyu ce. Akwai wadda suke kira ram, ita ce allon almajiri: a kanta ake rubutun yanzu, wuta na ɗaukewa an wanke. Akwai kuma ma'ajiya, ita ce kundi, abin da ya shiga cikinta ya zauna. Sebin shi ne kwafe allo zuwa kundi, ni kuwa awa uku ina cika allo a bakin rijiya. Ɗan hoton da ake dannawa don adanawa ma, wanda na ɗauka taga ce, ashe surar wani tsohon faifai ne mai cin megabayit 1.44, wanda yaran yau ba su taɓa gani ba. Filashina kaɗai zai haɗiye irinsa kusan 2,800.

Na sake bugawa cikin kwana biyu, ina danna sebin bayan kowace waƙafi. Aka zuba min a filashi. Don in burge uwargida, na biya wani shago kusa da kasuwa aka fitar min da shi a takarda. Kashegari na koma wajen yaron don gyara kuskure biyu. Ya soka filashin, ya ɓata fuska.

"Malam, ina ka kai shi? Ya kamu da bairos."

Mai karatu ya tuna wane lokaci ake ciki. Kalmar nan ita rediyo ke maimaitawa safe da yamma. Ba a fi wata guda ba da daren nan na Agusta da wayoyi suka yi ta ƙara kafin asuba, 'yan'uwa na cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri wai maganin Ebola ne, har sai da ma'aikatar lafiya ta fito ta ƙaryata. Ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka yi wankan. Yaron ya ce in dawo gobe zai wanke min shi, yau akwai layi. Na karɓi abina da bakin leda, na ƙulle.

"Maigida, lafiya?" in ji uwargida, ganin na tsaya a zaure ina neman buta.

"Ina ragowar gishirin nan? Ɗora ruwa, kuma kar yara su matso."

Na yi tunanin wankin da za a yi gobe a karɓi kuɗina, me zai hana in yi shi yau kyauta. Filashi ya kwana a kofin silba cikin ruwan gishiri mai ɗumi. Da safe na shanya shi a faifai, na kai wa yaron ina taƙama, har da farin gishiri a bakinsa.

Sai da ya fita waje ya gama abin da zai yi, ya dawo yana share hawaye. Ya ce bairos ɗin kwamfuta ba ƙwayar cuta ba ce, 'yar manhaja ce da mutum ya rubuta don ta riƙa kwafar kanta daga na'ura zuwa na'ura. Ɗaya daga cikin na farko da suka bazu a duniya wasu 'yan'uwa biyu ne suka rubuta shi a Lahore ta Pakistan a 1986, har da adireshin shagonsu da lambar waya a ciki. Wanda ya kama ni kuwa irin na shagunan buga takardu ne, ɓoye fayil kawai yake yi ya bar inuwarsa. Tambayoyina na nan lafiya lau har lokacin da na tsoma su a kofi. Fito da su aikin minti biyu ne.

Takardar da na fitar don burga ita ta cece ni. Daga ita na sake bugawa karo na uku, wannan karon da yatsa biyu.

Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Najeriya ta rabu da Ebola. Filashina dai bai tashi ba, yana nan rataye da makullin babur ɗina. Yaron kuwa har yau in muka haɗu sai ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya tambayi jikin mara lafiya.