Zuwa ga Taubashina na Ƙofar Ruwa, kan Motar Maigida

Al Quoz, Dubai.

Ɗan Goggo, bawana na gado.

Ya kasuwa, ya iyali, ya ƙafar Goggo? Na san da ganin kaurin ambulan ɗin nan ka fara laluben ko dirhami na naɗe a ciki. Babu ko ɗaya. Ja bencin nan na bakin shago ka zauna, ka sallami 'yan hira, don magana ce ta mota na kawo maka, kuma duk rowarka na san ba ka rowar shawara.

Maigidan da nake kula wa da motoci shekara shida ke nan ya kira ni makon jiya. Yana son ƙara motar gudu ɗaya a gareji, dillalai kuma sun kawo masa uku: Lamborghini Huracán, da Ferrari 458, da Lexus LFA. Ya ce, "Kai ne mai shiga ƙarƙashinta, kai za ka faɗa mini wadda zan saya." Tun ranar, ko tuwo nake ci maganar nake taunawa.

Ina jin dariyarka tun daga nan. A wurinka Lexus ita ce jif ɗin da alhazan Kantin Kwari ke zuwa ɗaurin aure da ita. To wannan ƙasa-ƙasa take, kujera biyu, wanda ya ci tuwon Goggo malmala uku irinka sai an tura shi da ƙafa kafin ya shiga. Guda 500 kacal aka yi a duniya, daga Disambar 2010 zuwa Disambar 2012, a masana'antar Motomachi da ke ƙasar Japan, kusan mota ɗaya a yini, kowace da lambarta manne a ciki. Huracán kuwa, daga 2014 da aka fara ta zuwa 2022 an ƙera sama da 20,000. A titin Sheikh Zayed, kafin ka gama shan shayi ka ga biyar sun wuce, wasu ma na haya ne, baƙi ke ɗauka na kwana ɗaya su yi hoto su mayar. Garin da 'yan sanda ke da Bugatti da Lamborghini a cikin motocinsu na sintiri, ba a waiwayar mutum don ya hau abin da maƙwabcinsa ke da shi. Abin da ya ja hankalin maigida ga LFA ke nan tun farko.

Ni kuma karatunka ne ya fara faɗo mini a rai. Tun muna yara a gareji kake cewa duk motar da ba a samun kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa, kwalliya ce kawai. Da wannan hujjar ka riƙe Golf ɗin nan taka shekara goma sha, wadda ƙofar direba sai an ɗaure da igiya, hon kuma sai ka leƙo da kai ka yi da baki. Amma a wannan karon gaskiyarka na da ƙarfi, na kuma faɗa wa maigida ita ba ragi. Huracán da 458 suna da yawa, saboda haka makanikan da suka san su suna da yawa, a nan Al Quoz kaɗai gareji nawa ne. Fitila ta fashe, gobe an kawo. LFA kuwa yawancin jikinta zaren kabon ne da aka toya da ƙaro. Idan aka buge ta babu mai buga guduma ya miƙe maka ita, sai dai a jira abin da zai zo daga Japan, a kuma nemo wanda aka horar a kanta. Ga giya: nata kuloci ɗaya ne mai canza kansa, a cunkoson yamma sai ta riƙa zabura kamar ɗan maraƙin da aka fara sa wa igiya, alhali na sauran biyun sumul yake shiga. Ko a gudun ma ba ita ce gaba ba. Ƙarfin dokinta 560, na Huracán 610. Daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa, tana cin daƙiƙa 3.7, Huracán 3.2. Sai kuɗi. Sabuwarta dala 375,000 aka sayar, yau kuma gwanjonta ya ninka haka ya wuce. Abin da ake nema a kan wannan ɗaya zai sayi sauran biyun duka, a ba ka canji ka sauya Golf.

Da a nan na tsaya, da ka ci gari. Sai mai motar ya yarda muka fita da ita da asuba zuwa dutsen Jebel Hafeet na Al Ain, kafin rana ta fara gasa kwalta.

Taubashi, na ji injuna a rayuwata, tun daga Fijo 504 ɗin Baba har zuwa abin da ke garejin nan, amma ban taɓa jin irin wannan ba. Silinda 10 ne, lita 4.8, Toyota, masu Lexus ɗin, da Yamaha suka haɗu suka yi shi. E, Yamahar nan dai ta babur ɗinka na samartaka da ka faɗa kwata da shi a gaban gidan su amarya. Su ɗin kuma maƙeran kayan kiɗa ne tun asali, saboda haka masanansu na sauti aka sa suka gyara muryar injin, har aka yi hanyoyin da ke shigo da ita cikin motar. A ƙasa gurnani take yi a hankali. Da maigida ya taka totur, sai muryar ta yi ta hawa tana sirancewa kamar algaita a hawan Daushe, har juyi 9,000 a minti, dutse na maido mana da ita. Injin kan tashi daga zaman banza zuwa can ƙololuwa a cikin daƙiƙa 0.6, abin da ya sa allurar mita ta gargajiya ta kasa bin sa, dole aka sa ta allon kwamfuta. Da muka tsaya a sama, maigida ya daɗe bai ce komai ba, hannunsa na kan sitiyari. Ni ma tsigar jikina ba ta kwanta ba sai da muka sauko.

Daga nan na koma na bi tarihinta, kuma shi ya ƙarasa ni. Shekara goma suka yi suna aikinta, tun wajen 2000. Sun yi nisa da jikin alminiyam, suka ga nauyi ya yi yawa, suka ajiye suka sake da zaren kabon. Ka san asalin gidan Toyoda masu ƙera injin saƙa ne, kafin su kafa kamfanin mota a 1937. To da aka zo LFA sai suka koma sana'ar kaka, suka yi wata masaƙa mai zagaye da ke saƙa zaren wasu sassan jikinta. Ni jikan masaƙi ne ta wajen uba, wannan ya taɓa ni. Kai ɗan mace ne, sai dai in ba ka labari. Kowane inji mutum ɗaya ne ya haɗa shi da hannu, ya sa sunansa a jiki. Babban direban gwajinsu, Hiromu Naruse, wanda ya koya wa Akio Toyoda, ɗan wannan gida, tuƙin tsere, ya rasu a watan Yunin 2010 a hatsari kusa da filin Nürburgring na Jamus, yana cikin gwada ɗaya daga cikinsu, yana da shekara 67, wata shida kafin a fara ƙera ta sayarwa. Tsoho ne da ya kai hutu, amma yana kan titi yana sauraron birki da taya. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin mota don kada ya miƙa wa mai ita aikin da bai gamsu da shi ba, zai gane mutumin nan.

Abin da ke damuna ɗaya ne, shi kuma na sa a gaban maigida. Wadda aka kawo mana, shekararta sama da goma amma tafiyar da ta yi ba ta kai Kano zuwa Legas da dawowa ba. Masu irinta kulle su suke yi a ɗaki mai sanyi, a lulluɓe, suna jiran farashi ya hau, don kowace kilomita rage kuɗi take yi. Mota kuwa zama ke kashe ta: roba ta bushe, taya ta yi gefe, mai ya lalace a tanki. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, idan don a ce kana da abin da wasu ba su da shi ne, ka sayi Huracán ka more ta, ka ajiye sauran kuɗinka. Idan kuwa za ka yarda mu riƙa fita da ita duk mako, mu kai ta filin tsere na Yas Marina lokaci-lokaci inda babu kyamarar tara, ta buɗe murya yadda aka yi ta don ta yi, to LFA za ka saya, ni kuma zan koyi gyaranta ko da sai na je Japan." Ya yi dariya ya ce wato har tafiya na shirya wa kaina. Na ce e, da gaske nake. Ya ce in ba shi zuwa bayan Juma'a, amma jiya na ga ya sa an share gurbin da ke kusa da ƙofa, wanda ya fi sauƙin fita.

Idan ta tabbata zan ɗauko maka muryarta a waya. Ka kunna a tsakiyar layinku, ka ga ko akwai mai sayar da salansa da ba zai taso ba. Kada dai ka kunna kusa da Golf, kar ta ji ta yi zuciya ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Ka gaishe mini da Goggo, ka ce maganin ƙafarta da turaren suna hannun mai zuwa ƙarshen wata. Taka tsarabar agogo ne, amma ba za a miƙa maka ba sai an ga kilishi da yajin da ka yi alkawari tun Babbar Salla. Kilishin ka sa a naɗe shi da kyau, kuma kada ka ɗanɗana a hanyar kai wa, na san adadin fallen da nake jira. Maganar kuɗin shara kuwa tana nan, sai na zo mu yi ta a gaban manya.

Ka rubuto mini ra'ayinka kafin Juma'a, ko da na san rabinsa zagi ne.

Naka,
Ubangidanka na Dubai.