Yaro da Dangwale, Uwa da Kwanan Zaune

Duk shekara idan 14 ga Fabrairu ta zagayo, makarantun rainon yara da na firamare a Amurka kan shirya wata gasa da ba a taɓa kiranta gasa ba. A takarda, yara ne ke musayar katunan ranar masoya da suka yi da hannunsu. A zahiri iyaye mata ne ke gwada ƙwanji, su kuwa yaran 'yan aike ne kawai: su ɗauki kaya su kai aji, su dawo da labarin abin da uwar wane ta yi.

Na san za ka ce me ya haɗa kifi da kaska, ɗan shekara uku da ko igiyar takalminsa bai iya ɗaurewa ba, ina shi ina ranar masoya? To a can an wanke ranar, an yi mata kwaskwarima, an ce wa yara ta abota ce da nuna kulawa. Kafin ranar, malamar aji za ta aiko da sunayen 'yan ajin kaf, da sharaɗi guda: ko a ba kowa kati, ko kada a ba kowa. Manufar mai kyau ce, don kada wani yaro ya koma gida hannu rabbana yana kuka. Sai dai fa ta haka ne yaro zai sanar da wanda ya gantsara masa cizo makon jiya cewa yana ƙaunarsa har cikin zuciya. Tun daga nan ake fara koyon zaman ofis.

Shi kansa wanda aka sa wa ranar sunansa, Valentine, malamin addinin Kirista ne da ruwaya ta ce an kashe shi a Rum a ƙarni na uku. Abin da aka tabbatar na tarihinsa ya yi ƙarancin da a 1969 Cocin Katolika ta cire ranarsa daga babbar kalandarta. 'Yan kasuwa dai ba su cire ta daga tasu ba. Bawan Allah ya ba da ransa, ga shi yau da sunansa ake liƙa makaroni a jikin kwali.

Abu na farko da ake nema wajen kowane yaro shi ne akwatin karɓar kati. Asalinsa kwalin takalmi ne, a huda samansa, yaro ya yi masa jagwalgwalo da kala, shi ke nan. Haka aka yi ta yi lafiya lau, har aka buɗe shafin Pinterest a 2010, inda kowace uwa za ta iya ganin abin da matan duniya suka yi da nasu kwalin takalmin. Daga nan aka shiga uku. Kwali ya koma kada mai haƙora, ya koma kumbo, ya koma gidan sarki mai hasumiya da tuta. Za ka ga ɗan shekara huɗu ya shigo aji rungume da mutum-mutumi mai fitila da batir, malama ta tafa hannu ta ce, "Kai, lallai ka iya!" Ita ta sani, uwar ta san ta sani, shi ma yaron ya sani, domin da safen nan ya fara ganin abin.

Ka duba kayan aikin ma ka sha kallo. Almakashin da aka yarda yaro ya riƙe ba ya yanka komai sai gashin ƙanwarsa. Wanda ke yanka takarda kuwa an ɗora shi can saman firji. Bindigar gam tana da zafi, an hana shi. Narkar da guntayen kala a zuba su a mazubi mai siffar zuciya sai da wuta, an hana shi. Ka karanta bayanin yadda ake yin wannan "aikin yara", kusan kowane mataki sai ka ga an ce babba ne zai yi wannan. Maganar da aka fi ji a gidan a daren nan ita ce, "Kada ka taɓa, za ka ɓata!"

To ina hannun yaro a ciki? Akwai shi, a zahiri ma kuwa. Za a kamo hannunsa a tsoma a jan fenti a danna a kan takarda, ko a kamo ƙafafunsa biyu a buga su a karkace don sawun ya ba da siffar zuciya, yana ihu yana shure-shure. Mu da muka saba ganin zaɓe mun san wannan tsarin: an gama rubuta sakamako tun da dare, dangwalen mutum kawai ake buƙata don abin ya halatta.

Ka ɗauki wata 'yar'uwarmu da aure ya kai New York. A watan Fabrairu awa shida ce tsakaninsu da gida, don haka idan mahaifiyarta ta idar da sallar asuba a Kano ta ce bari ta gwada kira, can sha biyun dare ne. Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Ke 'yar nan, lafiya ba ki kwanta ba?"

"Lafiya lau Hajiya, aikin makarantar yaron nan nake yi."

"Shi yana ina?"

"Ai ya yi barci tun takwas."

"To wai ke aka sa a makarantar ko shi?"

"Hajiya, ba za ki gane ba ne. In kin ga abin da uwar abokinsa ta yi bara..."

"Allah ya ba da lada. In an ba ki na ɗaya ki sanar da ni in yi sadaka."

Hujjar da ake kafawa ita ce na gida ya fi araha, ya kuma fi nuna ƙauna. A kanti akwai katunan da aka riga aka buga, cike da kwali, da 'yan daloli kaɗan an sallami aji guda. Amma ina, wannan ai na malalata ne. Sai a fita cikin sanyin Fabrairu a sayo takarda mai launi, da ulu, da fenti, da gam, da sitika, da idanun roba masu juyawa, da wani ƙarfe na musamman mai huda takarda da siffar zuciya wanda ba zai sake amfani ba sai baɗi. Maigida ya karɓi rasit ya duba, ya buɗe baki, ya kalli fuskar uwargida, ya mayar da bakinsa ya rufe. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Waɗanda suka fara wannan harka sun fi iyayen yanzu wayo. A ƙarshen shekarun 1840 wata budurwa mai suna Esther Howland, a garin Worcester na jihar Massachusetts, ta ga katin masoya daga Ingila, ta ce ita ma za ta iya. Mahaifinta na sayar da takardu da kayan rubutu. Ta tara mata a gidansu, wannan ta yanka, waccan ta liƙa, ana sayarwa ana ƙirga kuɗi. A 1910 kuma wani saurayi ɗan shekara 18, Joyce Hall, ya sauka a Kansas City da kwalayen takalmi biyu cike da katuna, daga nan kamfanin Hallmark ya samo asali. Ka ga su sun yi harkar kati sun yi arziki. Uwar yau tana yin aikin nan dai, a kyauta, da kuɗinta, a kuma rubuta sunan wani a kai.

Sai babban bala'in, garin ƙyalƙyali. Wani ma'aikacin injina a New Jersey, Henry Ruschmann, shi ake dangantawa da ƙirƙiro irin na zamani, Allah ya sa ya san abin da ya jawo wa mutane. Ƙaramar kwalba ɗaya yaro zai kifar, an gama da gidan. A share, a goge, a wanke, bayan wata uku sai ga shi a cikin miya, a kan kyanwa, a gemun maigida yana tsaka da jawabi a taron ofis. Tarayyar Turai ta hana sayar da na roba tun watan Oktoban 2023, ta ce saboda gurɓata muhalli ne. Ni dai ina zargin akwai mai ƙananan yara cikin waɗanda suka rubuta dokar.

Ɓangaren ciye-ciye ma haka yake. Ranar komai sai ya zama zuciya: burodi zuciya, fanke zuciya, ƙwai zuciya, kankana zuciya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan rago ranar layya ya san zuciya ba haka take ba, amma wa ya tambaye shi? Uwa ta tashi da sassafe ta yanke gefen burodi ta fitar da siffar, ta ajiye gaban yaro tana murmushi. Ya kalla, ya fashe da kuka, wai an gutsure masa burodi. Sannan kome sai an rina shi ja, har madara. A watan Janairun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta soke izinin sa wani jan rini mai lamba 3 a abinci, ta ba kamfanoni wa'adi zuwa 2027. Ja dai ba zai ƙare ba, akwai sauran lambobi.

Idan kuma na kaiwa aji ne, nan 'yar'uwar tamu za ta gane kurenta. Akwai yaran da ɗan gutsuren gyaɗa kan iya kai su asibiti, har a rasa rai, wannan ba abin raha ba ne. Dokar ƙasar ta lissafa abinci tara da dole a bayyana su a jikin leda: madara, ƙwai, kifi, dangin jatan lande, dangin yazawa, gyaɗa, alkama, waken soya, sai riɗi da aka ƙara a farkon 2023. Yanzu ka ɗauko faifan kayan ƙwalamarmu. Ƙuli-ƙuli ya faɗi. Alawar madara da gullisuwa sun faɗi. Alkaki ya faɗi, awara ta faɗi, kantun riɗi da ya daɗe yana tsira shi ma an cimma masa. Saura rake, shi kuma wa zai share ajin? Makarantu da yawa ma sun yanke hukunci cewa kada a kawo komai sai na kanti, a rufe, da bayanin abin da ke ciki. Wato kati sai na gida, abinci sai na kanti. Wanda za a ci a more an hana uwa yi, wanda za a jefar an ce ta dage.

Na kantin da ya fi suna shi ne wata 'yar alawa mai siffar zuciya, Sweethearts, da ake buga gajerun kalaman soyayya a jikinta. Ɗanɗanonta na alli ne, kowa na faɗa, kowa na saya. Kamfanin Necco da ke yin ta ya durƙushe a 2018, a 2019 ba a yi sabuwa ba, aka yi ta jimami. Da sabon mai ita ya dawo da ita a 2020, injin rubutu ya ba shi matsala, da yawa suka fito ba rubutu. Yaran raino ba su yi ƙorafi ba, da ma ba su iya karatu ba.

Da yamma yaro zai dawo da akwatinsa ya zazzage a tsakar ɗaki, ya yanke hukunci cikin minti biyu. Duk katin da aka maƙala wa alawa mai tsinke, mai shi aboki ne na gaskiya. Wanda aka yi kwana uku ana saƙa masa ulu ba alawa, ko kallo bai ishe shi ba. Bayan nan sai aikin ƙarshe na iyaye, wato fitar da kayan daga gida ba tare da mai su ya gani ba. A liƙa ɗaya a ƙofar firji don fita kunya, sauran a jira dare, a tura su can ƙasan kwandon shara, a rufa musu ɓawon ayaba. Ranar da aka yi sake ya hango, uwa za ta rantse iska ce ta kai.

Kada mu cika dariya dai. Ranar masoya ba tamu ba ce, a Kano ma Hisbah takan ja kunne a kanta. Amma cutar yi wa yaro aikinsa ta shigo mana ba biza. Je ka makarantun kuɗi na Abuja da Kaduna da Kano ranar da aka ce 'yan nazare su kawo aikin hannu, ka ga gidan kwali mai tagar gilashi da kafinta ya kwana yana yi, da zanen da aka biya mai rubuta allon shago ya zana. A ƙasar da yara ke fafe kara su ƙera mota har da tayoyin murfin kwalba, su ɗinka wa 'yartsana zane da ƙyallen tela, ba tare da wani babba ya san suna yi ba.

Maganin ba shi da tsada: a miƙa wa yaro takarda da kala, a ja da baya, a daure a karɓi abin da ya fito, ko da ya ce zuciya ce kai kana ganin dankali. In kuwa ba za a iya ba, to a yi adalci. Makaranta ta buɗe rajista ta biyu, a riƙa rubuta sunan uwa a jikin aikin, a ba ta maki, ranar rabon sakamako a kira ta gaban taro ta karɓi alawarta mai tsinke. Maigida kuma a mayar masa da kuɗin rasit.