Rumfarka Ta Fara Ruku'u, Alhaji

Na ce ginshiƙin da gindinsa ya ruɓe yana gyaruwa, mutanen Ƙaura Namoda suka yi mini dariya. Wai su da jirgin ƙasa ya iso garinsu tun 1929, wa zai koya musu aikin katako? Na Shinkafi ya ce ranar Alhamis zai shiga kasuwa ya sayo sabo. Na Zurmi ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce: "Gara ta Allah ce, Malam, mi kaka so a yi mata?"

To Baba, ɗauko wuƙa ka soki ginshiƙin daidai ƙirjinka. Ta shiga? Ba ta shiga ba. Yanzu durƙusa ka soke shi inda ya haɗu da ƙasa. Ka ga ta nutse har ƙota. Nan laima da iska suke haɗuwa, nan ruwan kwano yake fantsama daga Yuni zuwa Satumba, nan kuma gara take gina hanyarta ta laka ta hau. Sauran itacen lafiyarsa lau. Saboda taƙi biyu za ka rushe rumfa sukutum? Lallai kaka ta yi kyau bana.

Alhajin Ƙaura kuwa ya riga ya aika a sayo siminti, wai gara ba ta cin siminti. Gaskiya ne, ba ta ci. Amma in ka dame shi ka kewaye ruɓaɓɓen itace, ka ƙera masa kwarya ke nan. Itace zai bushe ya tsuke, ruwa ya bi ta tsagar ya kwanta a ciki, ita kuma gara ta yi aikinta ba mai ganinta.

Aikin na rani ne. A tokare rufin da gwafa biyu tukuna, kada kwano ya sauko kan kafinta. A yanke ruɓar, a ƙara taƙi guda sama da inda wuƙa ta daina shiga. A sassaƙe rabin kaurin tsohon da rabin na sabon guntu, a haɗa su, a ɗaure da noti biyu, don ƙusa kaɗai sakewa take yi. Guntun ya zama ƙirya, wadda ake turmi da ita, in an samu, don maƙera da masu gawayi sun kusa gamawa da ita. In ba ta, a nemi azarar giginya, ta baya mai tauri, ban da ɓargon ciki. Farin katakon da ake layi a kansa saboda araha kuwa, abincin dare ne ka kai wa gara har gida.

Na san me za ku ce: baƙin mai. Shafa, musamman a bakin yankan, inda itace ya fi shan ruwa. Sai dai kada ya kusanci hatsi ko rijiya, kuma damina tana rage masa ƙarfi, sai an sake.

Na ƙarshen shi ne kuka fi rainawa: a ɗora gindin bisa dutse ko bulo, ya rabu da ƙasa, a ɗaure shi da ƙarfe kada iska ta ture shi. Baban Zurmi ya ce wannan dabarar 'yan boko ce. Baba, leƙa bayan gidanka ka duba rumbun geronka, ka gaya mini a kan me aka ɗora shi.