Yaya, Kada Ka Sayar da Fijon Baba

Yaya,

 Ina lafiya lau a nan Ditiroit, in ban da sanyin da ya wuce a kira shi hunturu. Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne labarin da Hajiya ta ba ni a waya, wai 'yan gwangwan sun zo sun taya Fijon Baba, kai kuma ka ce su dawo bayan Sallah. Don girman Allah ka dakata har ka kai ƙarshen takardar nan.

Ina da maƙwabci, wani dattijon Bature da ya yi ritaya. Makon da na tare a unguwar, matarsa ta ce mini tana da kishiya a gareji. Na ɗauka Turancina ne ya gaza. Ashe mota take nufi, irin doguwar nan ta iyali da muke kira siteshin wagon, ƙirar Ford Country Squire ta 1973. Tsawonta ya haura mita biyar da rabi, injinta silinda takwas, shan mai kuwa sai ka ce raƙumi ya iso rijiya. Sabuwar motar da yake zuwa cefane da ita a waje take kwana, ƙanƙara na dukanta. Tsohuwar ce a ɗaki, an lulluɓe ta kamar amarya.

Ranar da ya yaye mata mayafi, na ga gefenta duk katako yana ƙyalli. Ka san ni da ƙaiƙayin hannu, sai na ƙwanƙwasa. Yaya, ƙarar ƙarfe na ji! Tsohon ya zabura kamar na taka masa jika, ya ɗauko tsumma mai laushi ya goge wurin sau uku, sannan ya zaunar da ni ya yi mini karatu. A da can, in ji shi, da katakon gaske ake ƙera jikin irin waɗannan motoci, aikinsu kuma ɗauko fasinja da kaya daga tashar jirgin ƙasa, inda sunan ya samo asali ke nan. Kamfanin Ford har dazuzzukansa yake da su a arewacin jihar nan ta Mishigan domin katakon. Daga farkon shekarun 1950 aka koma ƙarfe, amma da yake ido ya saba, sai aka riƙa manna zanen katako a jiki. Wato dai ledar tsakar ɗaki ce, irin ta ɗakin Hajiya, ita mutumin nan yake shafa wa mai duk Asabar. Haruffan sunan motar kuwa da buroshin goge baki yake bin su ɗaya bayan ɗaya.

Na tambaye shi abin da ya gani a jikinta. Sai ya buɗe ƙofar baya, wadda take buɗewa ta gefe kamar ƙofar ɗaki, take kuma kwantawa ƙasa in an ga dama, ya nuna mini wasu ƙananan kujeru biyu masu fuskantar juna. Ya ce a irin wannan wurin shi da ƙanwarsa suka girma suna faɗa, ubansu na tuƙi yana yi musu tsawa ta madubi. Ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, don na tuna ranƙwashin da na sha a hannunka a kujerar baya tsakanin Zariya da Funtuwa.

Su ma nan sun taɓa raina su. Man fetur ya yi tsada a 1973, sannan a 1984 kamfanin Chrysler ya fito da ƙaramar bas ta iyali, kowa ya koma can. Ford ya daina ƙera irin ta maƙwabcina a 1991. Aka yi ta niƙe su, wasu aka kai su filin wasan karo da motoci aka ragargaza ana tafi. Da suka yi wuyar samu, sai ga su sun zama gwal. Babban abokin gabarsu gishirin da ake watsa wa tituna don narkar da ƙanƙara, shi ke cinye ƙarfe da tsatsa. Shi ya sa daga Nuwamba zuwa Afrilu amarya ba ta leƙa waje, masu neman mai lafiyayyen jiki kuma har Arizona suke tafiya, inda ƙasa take a bushe. Na ce a raina, mu da ba mu taɓa zuba wa titi gishiri ba, miya ma da ƙyar yake isa.

To, ga inda maganar take. Duk Asabar ta uku ta watan Agusta ana hawan tsofaffin motoci a titin Woodward, tun 1995 ake yi. Hawan Daushe ne sak, sai dai babu doki babu algaita. Muka fita da tsohon, ni a kujerar yara gwiwoyina a haɓa. Can na hango mutane sun yi cincirindo suna ɗaukar hoto. Na kutsa. Yaya, Fijo 504 ce siteshin wagon, irin ta Baba, har kala! Mai ita ya ɗaga bonet yana baje koli, yana alfahari wai tana ɗaukar mutum bakwai. Na ce masa a tashar Kwangila biyu ne a gaba ban da direba, huɗu a tsakiya, uku a baya, sai buhun masara da akuya, a haka za ta kai Kano ta dawo. Ya ɗauka wasa nake. Na ce a Kaduna aka riƙa harhaɗa su tun daga 1975, ni a cikinta na yi wayo. Nan take na zama malami, aka kewaye ni. Da yake Peugeot, masu ƙera Fijo, sun bar kasuwar Amurka tun 1991, kayan gyara na ba shi wuya, fitila ɗaya sai ya jira ta daga Faransa. Na ce a kasuwar Fanteka da tsakar rana za a zube masa goma ya zaɓa. Wallahi sai da ya rubuta Fanteka a littafinsa.

Sai na nuna musu hoton da yaranka suka turo mini, ga ta Baba nan a gindin darbejiya, kaza na kwanci a kujerar direba. Ba wanda ya kula da kazar. Abin da suke tambaya shi ne ko fentin na asali ne, ko ba a taɓa sauya injin ba. A wurinsu wadda ba a taɓa ba ta fi wadda aka yi wa kwalliya daraja. Dokar ƙasar nan kuma ta yarda a shigo da motar da ta kai shekara 25, ta Baba kuwa ta wuce nan tun tuni.

Saboda haka ga roƙona. A sama wa kajin wani wuri. A ɗora motar a kan bulo, a rufe ta da tamfol. Kada mai fenti ya kusance ta, ko da kyauta zai yi. Takardunta na cikin akwatin ƙarfen Baba, a ciro su kafin gara ta riga mu. Wayar da aka ɗaure ƙofar baya da ita ma a bar ta, zan ce musu fasahar gida ce. Kuɗin jirgin ruwa dai ban haɗa ba tukuna, gaskiya ko na tamfol ɗin ma kai za ka fara ranta mini.

In 'yan gwangwan sun dawo, ka ce musu an riga an kai kuɗin gaisuwa daga Amurka. Ka gaida Hajiya da kyau, da Anti da yara.

Wassalam.
Naka,
ƙaninka na Ditiroit