Kwikwiyo ma sai an kai shi lakkol?

Na san abin da za ku ce, mutanen Dogon Dutsi: "Wannan gero ne ya yi masa yawa a rumbu, shi ya sa ya zauna yana koya wa kare ladabi." Ku yi dariyarku. Amma Baba, kai da ka fi kowa ƙyaƙyatawa, me ya yaga maka ƙafar wando ran nan? Ƙaya ce, ko?

Ba mugunta ke sa kwikwiyo cizo ba. Haƙoran nono 28 gare shi, masu tsini kamar ƙayar aduwa. Daga wajen wata uku zuwa shida suna zubewa, manya 42 suna fitowa, dasashi na ƙaiƙayi. Ga shi ba hannu, da baki yake taɓa duniya. Cikin 'yan uwansa, in ya ciji wani da ƙarfi, sai wancan ya yi kuka ya bar wasan, a nan yake koyon sassauta baki. Ku kuwa kun raba shi da uwarsa bai cika wata biyu ba, kun kawo shi gida cikin kwali, sannan kuna mamaki.

Ku na Tibiri, ta Arewa nake nufi, ba ta Gobir ba, na ji kuna cewa sanda ce magani. Sanda tana koya masa tsoron hannu, kuma karen da ke tsoron hannu shi ne wanda wata rana zai kama na yaro da gaske. Ku tambayi mafarauci ko zai so karen da ke ɓuya in ya miƙa masa hannu.

Abin ba wuya. Haƙori ya taɓa fata, ka ce "kai!" sau ɗaya, ka tsayar da hannu cak, ka juya masa baya. Kada ka fizge, fizgewa wasa ce a wurinsa. Ya natsu, ka miƙa masa tsohuwar igiya ya tauna. Wahalar duka yaran gida ce: kai kana hanawa, su suna gudu tsakar gida yana bin diddigensu suna shewa. Ni su na fara horarwa, kuma har yau kwikwiyon ya fi su kama karatu.

Akwai wurin da ba na wasa. Haukan kare na kisa. Da ya kai wata uku, a nemi likitan dabbobi ya yi masa allura. In cizo ya fasa fata, a wanke da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita ranar, ba sai an gama shan fura ba.

Baba, wandon kuma ka kai wa tela, ka ce masa ƙaya ce. Ba zan tona ba.