Tarwada a Ƙarƙashin Falona

Ƙofar ɗakin uwargida ce ta fara yajin aiki, ta ƙi rufuwa. Kafinta ya rage mata tsawo. Damina na wucewa ta sake cijewa, ya sake ragewa, har kyanwa ta koma shiga ta ƙasa ba sallama.

Sai tsaga ta ɓullo daga kusurwar taga, ta haura a karkace tana bin layin bulo kamar matakala. Birkila ya ce, "Alhaji, filasta ce kawai ta sha rana." Ya cike, ya karɓi kuɗinsa. Tsagar ta dawo, har da ƙanwarta. Surukata kuwa ta yanke hukunci: mun tare wa mutanen ɓoye hanya. Muka yi ta hayaƙi har maƙwabta suka rugo da bokitai.

Injiniyan da na ɗauko bai zo da na'ura ba. Lemo ya nema, ya ajiye a tsakiyar falo. Lemon nan ya gangara da kansa zuwa lungun gabas. Surukata ta saki salati.

"Hajiya, ba su ba ne," in ji shi. "Fandisho ne ya zauna ta ɓangare ɗaya."

Ya ce siririyar tsagar filasta ba ta tayar da hankali, amma mai karkata, wadda yatsa ke shiga, ga ƙofofi na cijewa, daga ƙasa take. Ya manna gilashi a kanta da siminti, ya rubuta kwanan wata. Kafin wata ya zagayo gilashin ya dare: gidan bai gama tafiya ba.

Me ke wurin kafin gini? Dillali dai gona ya ce mini. Dattijon layinmu ya yi dariya har da tari: "Ɗana, a falonka muke kamun tarwada." Ashe irin kududdufan Kano ne da aka haƙa don ƙasar gini, aka cike da shara, aka yanka fuloti. Shara na ruɓewa tana lotsawa, ga sokawe ɗina a gindin bango yana yi mata ban-ruwa.

Gyaran ya cinye kuɗin Umarata. Leburori suka riƙa haƙa ƙarƙashin fandisho, kamar mita ɗaya-ɗaya, suna tsallake na kusa kada bango ya rufto, sai sun taras da ƙasa mai tauri su zuba kankare, ya ƙame, sannan su matsa. Silifas da ledoji da muka tono sun isa buɗe shago.

Ana cikin haka dillalin ya biyo, ya leƙa ramin.

"Alhaji, rijiya ake yi? Ai na faɗa maka wurin nan ruwa kusa yake."